Dokin Kawuna da Rigar Surukina

Shekarun baya, tun ba a daɗe da sauke tutar Bature a ƙasarmu ba, na taɓa shiga sukuwar dawaki a Bawku. Shi ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Waɗanda suka saba ganina a bakin keken ɗinki, in na faɗa musu haka sai su dube ni, su dubi 'yan ƙafafuna, su kwashe da dariya. Ba na jin haushinsu, don ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na ce ya zuba gishiri da yawa. Amma abin ya faru, kuma ko da yake akwai abin dariya a ciki, ni dai ban taɓa kaiwa ƙarshensa ina dariya ba.

Ni tela ne. A Salaga aka haife ni, a can na koyi ɗinki da aikin wuyan babbar riga, daga baya na bi kawuna, yayan mahaifiyata, zuwa zangon Yendi, na kafa kekena a rumfar ƙofar gidansa. Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara talatin, da mata da 'ya'ya, kuma in ka cire lori ban taɓa hawan abin da ya fi kujerar ɗinki tsawo ba.

Kawu tsohon bafatake ne. A kan hanya ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ɗauko goro daga Salaga, ya bi ta Yendi ya kai Bawku, ya juyo da kanwa da albasa da duk abin da ya samu. Jakuna ke ɗauke da kaya, shi yana gefe a kan doki. Da lori ta yi yawa sai jakunan suka watse ɗaya bayan ɗaya, abokan tafiya suka zauna a gida, aka bar shi da dokinsa na ƙarshe, wani baƙi wuluk wanda ba a kiransa da komai sai Akawal, wato sunan launinsa.

Kullum akwai gutsuren kanwa a aljihun rigar Kawu. Da safe in ya fito sai ya nufi turke, ya ciro ta, ya miƙa wa dokin a tafin hannu ya lasa, ya mayar. Kanwa kuwa ba ta zaman lafiya da yadi, musamman in gumi ya taɓa ta. Bayan 'yan watanni sai aljihun ya huje, ya kawo mini in sa sabo. Na sha ce masa ya riƙa ƙulle ta a tsumma, ya ce Akawal ba ya son jiran a kwance ƙulli. Na sake aljihun nan ban san adadi ba.

Ana nan sai idanun Kawu suka soma yin yana. Ranar da ya kusa take wata mai tallan koko a bakin kasuwa, ya dawo gida ya sauka, bai sake hawa ba. Doki kuwa in ya daɗe a ɗaure lalacewa yake yi, dole a sami mai fita da shi kilisa, ya kai shi rafi. Ni ne a ƙofar gida daga safe zuwa yamma, don haka abin ya faɗo kaina.

Kawu ne ya koya mini hawa, kuma yana zaune a kan buzunsa ya yi koyarwar. Da kunne yake gani. In na zagayo ta bayan masallaci sai ya ce yau na zauna kamar buhun gyaɗa, ko ya ce na matse wa dokin baki ba gaira ba dalili. Na faɗi a gonar doya, na faɗi a bakin rafi a gaban mata masu wanki, har labarin ya riga ni isa gida. A hankali dai cinyoyina suka daina ciwo, Akawal kuma ya daina juyowa yana kallona kamar mai tambayar wa ya aiko ni.

Abu ɗaya Kawu ya fi nanata mini. Ya ce shi a duk fataucinsa bai taɓa wuce babba yana kan doki ba. Dagomba, mutanen ƙasar Yendi, ba sa wasa da gaisuwa, baƙon da ya wuce dattawan gari a bisa sirdi ranar ba zai sami masauki ba, ba zai sami ruwan jakunansa ba. Saboda haka tun Akawal yana ɗan duƙushi ya hore shi a kan abu guda: da zarar mahayi ya zare ƙafar dama daga likkafa, wato ƙarfen da ake zura ƙafa, to an zo wurin gaisuwa ke nan, sai ya tsaya cak ko da gudu yake yi, ba sai an ja linzami ba. Na gwada na ga haka ne, har abin ya riƙa burge ni ina nuna wa mutane.

Babban ɗan Kawu, taubashina, direban lori ne. Tun muna yara muke tsokanar juna, yana ce mini allura, ina ce masa taya. Ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan. Shi ke ɗauke da gidan gaba ɗaya, shekarar kuma damina ba ta yi kyau ba, dawa ta yi wuya, matan gida sun gaji da yankan ciyawa da neman harawa. Wata rana bayan la'asar, a zaure, a gaban ƙannen Kawu da wasu dattawan unguwa, ya kawo maganar a sayar da dokin. Ya bi ta a hankali, ya jero dalilai masu kyau, kowa yana gyaɗa kai. Da ya zo rufewa ne ya yi ɓarna, ya ce ai dokin ma ya tsufa, ba abin da zai ƙara yi.

Na ga fuskar Kawu ta canza. Da a kan dawa aka tsaya, ina jin da ya nemi a rage wa dokin abinci, a ci gaba da lallaɓawa. Amma kalmar tsufan nan ba dokin kaɗai ta taɓa ba. Sai Kawu ya ce:

"Ana sukuwa a Bawku bayan girbi, in 'yan kasuwar dabbobi sun tara dawaki. A kai shi. In ya shigo cikin ukun farko, ku bar mini shi har in mutu, kada in sake jin maganar nan. In bai shigo ba, ga kasuwa nan a gefen fili, ku sayar. Na sallama."

Taubashina ya amince nan take, don dama a Bawku ya so a kai shi. Saura mai hawa. Aka nemo wani gwani daga Gushegu, Akawal ya ajiye shi a ƙasa tun ba su fita unguwa ba. Aka kawo wani, shi ko sirdin bai kai ba. Sai idanu suka dawo kaina. Taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ke nan, a soma cigiyar mai saye tun yanzu.

Matata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce in tuna fa Bawku garin mahaifinta ne. Surukina dattijo ne mai ƙarancin magana, limamin wani ƙaramin masallaci a zangon Bawku. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Haka aka rene mu. Abin kirki ɗaya da na taɓa yi masa da hannuna shi ne wata farar babbar riga da na ɗinka masa shekarar da aka haifi ɗana na fari. Na zuba mata aiki iyakar iyawata, har da tambari a baya, wato da'irar zaren nan da ake yi tsakanin kafaɗu. Tambarina kuwa yana da aibi, kullum sai ya ɗan karkata hagu. Maigidana na Salaga, wanda ya koya mini ɗinki, ya buge mini hannu a kai har ya gaji ya ƙyale ni, don haka ko a cikin tarin riguna ina gane nawa. Na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, me zai kai liman filin sukuwa?

Kawu zai biyo lorin ɗansa daga baya, ni kuwa na riga su tashi da doki, tare da wasu masu koren shanu da ke komawa arewa bayan sun sauke dabbobinsu a kudu. A wannan tafiyar na san ko wane ne kawuna. Muna isa wani ƙauye sai Akawal ya rage tafiya da kansa, ya nufi wata bishiya ya tsaya, sai ka ga tsofaffi sun fito suna duban dokin kafin su dube ni. Su tambayi ina mai shi, in ce idanu ne suka zaunar da shi, su yi jimami, su kawo ruwa da harawa. A wajen Gambaga wata tsohuwa ta shafa wuyansa ta yi ta yi masa magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma shi ya sunkuyar da kai yana saurare.

A Bawku na sauka gidan wani abokina mai sayar da albasa, don ba a kwana gidan surukai. Washegari na je gaida surukina. Na tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, na durƙusa a ƙofar zaure. Ya tambayi 'yarsa da jikoki, ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce aiken Kawu ne. Ba ƙarya na yi ba, amma ban iya buɗe baki na ce ni, uban 'ya'ya, zan shiga tsere da samari ba. Ya ce ya ji an kawo wani baƙin doki daga Yendi. Na ce haka ne. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya sallame ni. Na fito ina murna maganar ba ta yi tsawo ba.

Filin sukuwar yana bayan kasuwar dabbobi. An ja igiya a gefe guda don 'yan kallo, kuma tsarin ba wuya: a tashi daga bakin kasuwa, a zagaya wani rimi da ke can ƙarshen fili, a dawo inda aka tashi. Jama'a kuwa ba a magana, Kusasi da Mosi da Busanga da mutanen zango, masu sayar da fito, wato giyar dawa, da masu ƙosai duk sun kafa. Yawancin mahayan samari ne, wasu ko sirdi ba su sa ba. Ni kuwa na fito da sirdin fatauci na Kawu, mai tudu gaba da baya. Wani Bamoshe ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wannan kujera, na sarki ne ko na mai aski?" Aka yi ta dariya. Taubashina ya ƙara da cewa in zan faɗi in zaɓi wuri mai ciyawa, don lorinsa ya riga ya cika da albasa, ba wurin majinyaci.

An shimfiɗa wa Kawu buzunsa a inuwar lori, daidai inda za a ƙare. Na ja Akawal zuwa gabansa. Ya miƙe, ya lallubo majayin da ke riƙe sirdi ya ji ko ya ɗauru, ya bi ƙafafun dokin da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ciro kanwa ya miƙa masa. Akawal ya lasa, Kawu ya mayar da ita aljihu. Ni kuwa bai ce mini komai mai tsawo ba.

"Kada ka koya masa komai," in ji shi. "Ka zauna kawai. Ƙafafunka a likkafa."

Aka jera mu. Wani dattijo ya ɗaga jan ƙyalle ya sake shi. Abin da ya biyo baya ba zan ce ni na yi shi ba. Na ji kamar an fizge ƙasa daga ƙarƙashina, hulata ta tafi, na damƙe geza da hannu ɗaya, linzami da ɗaya, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar cin abinci. Da na iya buɗe ido sosai na ga muna tsakiyar tari, dawaki gaba, dawaki baya, rimin kuma yana tahowa.

A wurin rimin ne tsufan Akawal ya yi rana. Dawakin samarin nan da gudu suka zo, suka kasa karya kwana, suka yi faɗi can cikin ciyawa, wani ma ya zubar da mahayinsa. Akawal kuwa, da ya ƙare rayuwarsa a 'yan siraran hanyoyin daji, ya rage kaɗan, ya manne da gindin bishiyar har gwiwata ta goge ta, ya juyo. Da muka miƙe na duba gabana, doki ɗaya ne tak, wani fari. Na waiga, sauran suna can suna haɗa kansu. Wallahi a lokacin tsoro ya sake ni. Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, na ji ihun mutane, na hango lorin taubashina da ɗan farin abu a inuwarsa wanda na san Kawu ne. Na ce a raina ko a haka muka ƙare, Akawal ya koma Yendi.

Muna bin gefen igiya, fuskoki suna wucewa kamar ana zazzage su, sai idona ya faɗa kan mutum ɗaya da ya bambanta. Kowa yana fuskantar fili, shi kaɗai ya juya baya. Farar babbar riga ce a jikinsa, tsakanin kafaɗunsa kuma ga tambari ya ɗan karkata hagu.

Na sha tambayar kaina ko na yi tunani a lokacin. Ban yi ba. Ban ce bari in sauka in gaida surukina ba, wane mahaukaci ne zai ce haka a tsakiyar sukuwa? Jikina ne ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in ya ga mutumin nan. Ga ni a sama, ga shi a ƙasa a tsaye, sai kawai ƙafata ta dama ta zame daga likkafa.

Akawal ya kafa ƙafafunsa ya tsaya cak, kamar yadda aka hore shi. Ni ban tsaya ba. Na bi ta kan wuyansa na sauka a gwiwoyina daidai bakin igiya, a bayan surukina, kuma abin kunyar, bakina ma sai da ya ƙarasa aikin. Na ji kaina ina cewa, "Baba, ina wuni."

Bai juyo ba. Da murya ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa jin sa da irinta ba, ya ce, "Hau ka tafi, ɗana. Hau."

Kafin in miƙe, in lallubo likkafa, in ɗare sirdin nan mai tudu, dawaki sun wuce mu kamar ruwan sama a kan kwano. Akawal ya sake tashi da iyakar ƙarfinsa, har ya kamo wasu, amma fili ya ƙare. Ban ƙidaya waɗanda suka riga mu ba, na dai san sun fi uku nesa ba kusa ba. Filin gaba ɗaya dariya ake yi, wasu har da faɗuwa, ana nuna ni ana kwaikwayon durƙusona.

Na ja dokin zuwa inuwar lori, gwiwoyina suna jini, ban ma ji ba. Na tsaya gaban Kawu na rasa ta inda zan fara. Ashe ba sai na fara ba. Duk cikin hayaniyar nan ya bi sawun dokinsa da kunne, ya ji inda ya yanke. Ya ɗago fuska wajen da nake, ya ce:

"Wa kuka gaisar?"

Na faɗa masa. Ya miƙa hannu, Akawal ya kawo hanci ya sa a ciki yana huci. Can ya ce to, dokin bai yi laifi ba, ni ma ban yi ba, abin da aka koya mana muka yi mu biyun. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Taubashina, da na zaci zai fi kowa dariya, ko murmushi bai yi ba. Ya tsuguna kusa da mahaifinsa ya ce ai kowa ya gani da idonsa, dokin bai tsufa ba, shi ya janye maganarsa, a koma da shi gida. Ya faɗa, kuma na san har ransa ya so ya faɗa, amma muryarsa ta ɗan yi nauyi wajen ƙarshe, don dawa ba ta ƙaru a rumbu ba saboda an yi sukuwa. Kawu kuwa kunne ne ya rage masa, ya ji nauyin. Ya ce shi ya kafa sharaɗi a gaban mutane, kuma tun da yake fatauci bai taɓa cewa ya sallama ya dawo ya ce ya fasa ba.

Bayan la'asar sai ga surukina ya zo masaukinmu da kansa, har yanzu da rigar a jikinsa. Na tashi zan fice, ya ce in zauna. Suka gaisa da Kawu, sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce tun ranar da muka shigo gari ya san ni zan hau, abokina mai albasa ya faɗa a masallaci. Ya ce bai taɓa zuwa kallon sukuwa ba, amma ya ji ba zai iya zama a gida mijin 'yarsa yana fili ba. Ya tsaya a bayan mutane, sai da ya ga mun zagayo rimi a gaba, murna ta ja shi har bakin igiya bai sani ba. Da ya ga na doso, ya tuna halina, sai ya yi maza ya juya.

"Na sa rigarka don in girmama ka," in ji shi. "Na juya baya don ka wuce ba tare da ka gan ni ba. Ban tuna aikin hannunka yana bayan ba."

Ya roƙi Kawu, yana kiransa Madugu, ya ce a ɗora laifin a kansa a bar dokin. Kawu ya yi masa godiya, ya ce Liman ya fi ƙarfin ya roƙi abu a hana shi, amma wannan ɗaya ya yi haƙuri. Ina zaune a gefe kaina a ƙasa, dattawa biyu suna ta ƙoƙarin ɗauke mini kaya, kowa yana ja wajensa.

Ranar kasuwa aka sayar da Akawal ga wani mutumin wajen Chereponi, wanda ya ga yadda ya zagaya rimi. Kawu bai tsaya ciniki ba, ya bar wa ɗansa. Abin da ya tsaya a kai shi ne ya zaunar da mutumin ya yi masa bayani: ba ya son ruwa mai sanyi da sassafe, ba a dukansa a fuska, yana son kanwa amma kaɗan. Ya faɗa masa maganar ƙafar dama, ya maimaita. Mutumin yana ta cewa to, to, idonsa yana kan haƙoran dokin. Da aka zo tafiya da shi Akawal bai yi gardama ba, ya bi ragama kamar kullum. A bakin kasuwa ne ya juyo ya yi haniniya sau ɗaya, Kawu ya ce mu tashi rana tana yi.

A bayan lori na dawo Yendi, a kan buhunan albasa, da sirdin a cinyata. Kawu yana gaba kusa da ɗansa.

Labarin ya riga mu isa, kamar kullum. Shekaru ana ce mini mai gaisuwa a kan sukuwa, yara suna durƙusawa a gaban kekena su ce ina wuni su ruga. Na saba, har ina taya su. Taubashina ne kawai bai taɓa tsokanata da shi ba, shi da ba ya barin komai ya wuce. Bai kuma tuge turken ba, ko da yake yana son wurin don ya yi ɗaki. Surukina kuwa, matata ta ce bai sake sa rigar ba.

Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na daɗe ina juya abin a raina, kuma har yanzu ban sami wanda zan ɗora wa ba. Kawu ya hori dokinsa da ladabi, iyayena sun hore ni da kunya, surukina ya zo don ƙauna, taubashina yana neman abin da gida zai ci. Ba na nadamar girmama surukina, in aka dawo da shi yau zan tuɓe takalmi tun daga bakin lungu. Abin da ke ci mini rai shi ne durƙuson da na yi a zaurensa ranar da na je gaisuwa. Da na iya ɗaga kai kaɗan na ce, Baba, ni zan hau, da ya ce mini zai zo, da mun san yadda za mu yi da juna. Shi ya sani ya yi shiru don kada ya ba ni kunya, ni na yi shiru don ina jin kunyarsa, tsoho makaho kuma ya rasa dokinsa a tsakaninmu. Wannan yana yi mini ciwo har gobe.

Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba. Kullum da safe yakan fito, ya lallaba zuwa wajen turke, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo kan buzunsa kusa da kekena mu yi hira. In matafiya sun zo daga gabas yakan tambaye su hanya da farashin doya da lafiyar sarakuna, sai can a ƙarshe, kamar abin bai dame shi ba, ya tambaya ko sun ga wani baƙin doki. Ba wanda ya taɓa cewa ya gani.

Damina ta zagayo ta wuce. Wata safiya ya miƙo mini rigarsa ya ce in duba masa, kamar aljihun ya sake hujewa. Na karɓa na juya ta. Ya huje kuwa, irin hujewar da na sani, gefen ya yi fari ya ruɓe. Na zura hannu, sai ga gutsuren kanwa ya maƙale a cikin kalmasa.

Ban ce masa ya ƙulle ta a tsumma ba. Na yanko sabon yadi mai kauri, na sa masa aljihu, na mayar da kanwar ciki, na miƙa masa rigarsa.